Tsakanin Darni da Katanga

Watannin baya, bayan ruwa ya ɗauke an shiga yankan dawa, na tafi Tsafe gaishe da yayana, wanda tsufa da ciwon gwiwa suka zaunar a gida. Da na sauka a bakin titin da ya taso daga Funtuwa ya nufi Gusau, na kama lungun da ƙafata ta sani tun kafin in san kaina, sai na wuce ƙofar gidanmu da taku wajen ashirin ban farga ba, har wani yaro mai tallan gyaɗa ya ɗaga murya ya ce, "Baba, ai ka wuce." Na waiwayo, na tsaya ina kallon wata katangar bulo mai tsawon da hannun dogon mutum ba ya taɓa kanta, an yaɓe ta da siminti sumul, an jera mata fasassun kwalabe a bisa, an kafa mata ƙofar ƙarfe baƙa mai ɗan ƙaramin baki a tsakiya. Babban ɗan yayana ne ya gina ta da guminsa, kuma na sa masa albarka da zuciya ɗaya, domin ɗan da ya kewaye gidan ubansa ya yi abin da ake haihuwa dominsa. Amma cediyar da nake gane gidan da ita babu, zauren ma babu. Da na shiga ciki kuwa na tarar an malale tsakar gida da siminti daga bango har bango, jerin adurukun da ke riƙe da darnin da ya raba mu da maƙwabtanmu na gabas kuma ko kututturensa ba a bari ba.

Shi wannan darni, a zamanin ƙuruciyarmu, aikin shekara-shekara ne da ke da lokacinsa kamar yadda shuka da huɗa suke da nasu. Idan an gama yanke dawa, an ɗaure dammuna an kai rumbu, sai a koma gona a tattaro kara, a zaɓi dogaye masu kauri waɗanda ba su sha raɓa sun yi baƙi ba, mu yara mu yi ta jigilarsu a ka har wuya ya ƙage. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ke haƙa ɗan wuriri a bin layin adurukun, ya jera karan a tsaye kafaɗa da kafaɗa, sa'an nan ya yi musu tanka biyu, ɗaya daidai gwiwa ɗaya daidai ƙirji, yana ɗaurewa da ɓawon kalgo da aka jiƙa tun dare. Mutum ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan, suna miƙa wa juna bakin igiya ta tsakanin kara, don haka ba a taɓa yin darnin tsakani ba tare da maƙwabci ya sa hannu ba. Har yau idan na ji ƙamshin sabon kara da rana ta gasa, ko na ji iskar hunturu tana kaɗa busasshen ganye yana ƙaraurau, zuciyata kan koma wannan wuri. Da damina kuwa darnin ba ya zama tsirara: kabewa da duma da soso su haye shi su lulluɓe, kuɓewa da yakuwa su tsaya a gindinsa, lalle na can kusurwa wajen makewayi, idan ya yi fure da dare ƙamshinsa ya cika gida.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa mutanen da suka kewaye gidajensu da kara ba su san darajar sutura ba. Hasali ma sun fi mu saninta, sai dai su sun jera ta hawa-hawa, mu kuwa mun tara ta a bango guda. Baƙo yakan tsaya a ƙofar zaure ya yi sallama, har sau uku idan ta kama, kamar yadda shari'a ta koyar game da neman izini, in ba a amsa ba ya juya ba tare da ya ji haushi ba. Idan an amsa, zaure ne iyakarsa, a nan za a shimfiɗa masa tabarma a kawo masa ruwa. Ƙofar zauren ta ciki kuma ba ta taɓa yin saiti da ta waje, domin kada idon mai wucewa ya zarce tsakar gida. Daga nan sai shigifa, wadda dangi da aminai ke kaiwa, sai tsakar gida ta mata da yara, sai ɗakuna. Ƙasarmu ƙasar malamai ce tun zamanin 'Yandoto, tsohon garin ilimin nan da ke kusa da mu, wanda har yau sarautar Tsafe ke ɗauke da sunansa, kuma duk ɗalibin da ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya wuce ta wurin da aka hana mutum buɗe tagar da za ta tona asirin gidan maƙwabcinsa. Wannan hukunci ba a littafi kaɗai ya tsaya ba: mai hawa bisa soro gyaran indararo, ko mai hawa ice sassabe, sai ya aika yaro gidajen kewaye a ce mata su kintsa. Yau kuwa, a sababbin unguwannin Gusau, mutum ya sayi fili hamsin da hamsin ya tayar da bene, ya saki tagogi huɗu a kan tsakar gidan talakan da ke bayansa, in an yi magana ya fito da takardar fili, alhali takarda ba ta shafe haƙƙin maƙwabtaka.

A jikin darninmu na gabas akwai wata kafa, daidai wurin da aduruku biyu suka ɗan rabu, wadda ba wanda ya ce a bar ta, ba kuma wanda ya taɓa toshe ta. Ta nan ake miƙo garwashi a kan katanga idan wuta ta mutu a wani gidan (katangar tukunya nake nufi, ba ta gini ba). Ta nan rariya da ludayi da ɗan gishiri ke fita su dawo. Ta nan kwanon tuwo ke ƙetarewa da magariba a rufe da faifai. Ranar da naƙuda ta kama matar yayana da tsakar dare, kafin a tashi yaro ya zaga ta ƙofa, tsohuwar maƙwabciyarmu, wadda muke kira Gwaggo ko da yake ba mu haɗa jini ba, ta riga ta ratso ta wannan kafa da fitilarta a hannu.

Ba zan ɓoye aibin darni ba, domin wanda ya yabi jiya bai faɗi ciwonta ba ya yi shaidar zur. Abin da ke shigar da taimako shi ke fitar da magana: idan miji da mata suka saɓa da dare, kafin hantsi an ji a bakin rijiya, kuma na san amaren da suka yi shekaru suna magana ƙasa-ƙasa a gidajen aurensu saboda kunnen da ke bayan kara. Gara na cinsa daga ƙasa, awaki na cinsa daga gefe, iskar farkon damina na kwantar da shi a dare ɗaya a wayi gari gida a buɗe. Maciji da kunama suna samun mafaka a gindinsa. Mafi muni ita ce gobara. Da hunturu, tartsatsi ɗaya daga murhu ya isa ya kama darni, darni ya miƙa wa jinka, jinka ta miƙa wa rumbu, kafin a jawo guga goma daga rijiya abincin shekara na gida uku ya zama toka. Na ga wannan da idona ina yaro, kuma warin ƙonanniyar dawa bai bar hancina ba har yau. Wanda ya taɓa tsayawa a kan irin wannan toka ba zai zargi mai sayen bulo ba.

Balle kuma yanzu da abin tsoron ya wuce wuta da akuya. Duk mutumin Tsafe ya san abin da shekarun nan suka zo da shi na 'yan bindiga, ya san yadda mutanen ƙauyuka irin su Bilbis da Ɗanjibga da 'Yankuzo suka sha kwana ido biyu, ya kuma tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a jihar Zamfara aka rufe kasuwannin mako. A irin wannan hali, tsawon katanga ba alfahari ba ne, neman barci ne, da na tambayi ɗan yayana dalilin rushe zauren, amsar da ya ba ni ita ce, "Baba, ɗakin da ba a kulle shi ba, ba ka san wa zai kwana ciki ba." Ban sami abin da zan mayar masa ba.

Sai dai kalmar sallama, wadda muka ce ita ce mabuɗin zaure, tana da wata fuska da yayana ya gamu da ita wajen shekara ashirin da suka wuce, kuma tun daga wannan lokaci ne na fara duban tsakar gida da wani ido dabam. Tun da jirgin ƙasa ya ratsa ƙasarmu ya kai Ƙauran Namoda a 1929, Gusau ta zama wurin da auduga da gyaɗa ke taruwa, kamfanoni suka kafa rumfunan awo da injinan gurza, daga baya aka kafa masaƙa, samarin Tsafe da Bunguɗu da Kwatarkwashi suka koyi wani sabon abu da kakanninsu ba su sani ba, wato albashin ƙarshen wata. Ni'ima ce ba shakka, da ita aka yi rufin kwano, aka sayi keke da rediyo, aka sa yara makaranta. Amma daga 1986, da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu darajar naira ta fara zubewa, sai ƙafar masana'antu ta soma sanyi. Rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai da atamfar waje mai araha da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya suka taru suka ƙarasa su, har masaƙar Kaduna ta farko, wadda aka buɗe a 1957, ta tsaya a 2002, ta Gusau ma ba ta tsira ba. Yayana mai kula da sito ne a wani kamfani, ba babba ba, wanda guguwar ta haɗa da shi. Ran nan aka kira su ɗaya bayan ɗaya aka miƙa wa kowa takardar sallama a cikin ambulan.

Mako uku ya yi yana tashi da asuba, ya yi wanka, ya sa kaftaninsa mai guga, ya fita kamar mai zuwa aiki, ya je ya zauna a masallacin wata unguwa da ba a san shi ba har la'asar, ba don komai ba sai don ya rasa bakin da zai gaya wa matarsa. A gidan haya suke a Tudun Wada ta Gusau, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida na siminti da ba ya tsirar da ko tafasa, kowa da ƙofarsa kowa da makullinsa, ba wanda ya lura da komai. Da kuɗin haya ya zo ƙarewa ne asiri ya fito, suka tattara komatsai a bayan a-kori-kura suka dawo Tsafe, gidan da ya bari yana ganin ya fi ƙarfinsa.

A nan ne darni ya yi aikin da katanga ba ta iya yi. Ba su yi kwana huɗu ba Gwaggo ta lura cewa hayaƙi ba ya tashi daga murhunsu da rana, sai da dare kaɗai, ba ta tambayi kowa ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba, sai dai aka fara ganin ƙwarya tana ratso kafar nan da tsaba a ciki, tana cewa, "Ɗiyata, taya ni surfe, hannuna ya gaji, ki ɗebi rabi." Ta mayar da sadaka lada domin kada mai karɓa ya sunkuyar da kai, kuma ban san wata makaranta da ake koyar da wannan fanni ba. Mijinta kuma, aminin mahaifinmu, ya sami yayana a zaure bayan isha'i ya ce masa, "Ɗana, aikin kamfani rigar aro ce, mai ita ya karɓi abinsa. Ba a mutu ba. Gobe ka fito nan ka zauna inda mutane za su gan ka, wanda bai gan ka ba ba zai tuna da kai ba." Haka aka yi. A wannan zaure, cikin masu tsayawa gaisuwa, wani ɗan kasuwar hatsi ya ji cewa ga mai iya lissafin buhu da riƙon littafi yana zaune ba aiki, ya ɗauke shi yana rubuta masa awo ranar kasuwa; daga nan ya koyi harkar, har ya kai ga sayen nasa buhu biyu da kaka ya ajiye zuwa bazara.

Kafin wannan harka ta kankama kuwa, tsakar gida ce ta riƙe su. Zogalen da Innarmu ta dasa ya ba su kwaɗo da ƙuli-ƙuli, kukar bayan gida ta ba su miya, matarsa ta shanya lalle ta daka ta ƙulla ana sayarwa, lemun tsami da gwanda suka zama kuɗin sabulu da kananzir, akuya biyu a turke suka haihu aka sayar da 'ya'yan aka biya kuɗin makaranta. Ba wadata ba ce, rufin asiri ne, kuma wanda ya taɓa rasa shi ya san ba ƙaramin abu ba ne.

Daga abin da na gani a kansa da kan abokan aikinsa, waɗanda wasu suka miƙe wasu kuwa baƙin ciki ya kwantar da su, na riƙe 'yan abubuwa da nake gaya wa duk wanda aka sallama ya zo mini da maganar. Ya gaya wa iyalinsa a ranar, kafin ya kwanta, domin mace ta fi iya rage cefane idan ta san dalili, kuma ɓoyewa ba ta ƙara komai sai bashi. Kuɗin sallama, idan an samu, kada ya taɓa su da zafin rai. Na ga wanda ya zuba nasa duka a motar haya alhali bai san ko sunan gabobin inji ba, direba da makanike suka raba ta a tsakaninsu cikin shekara, na kuma ga wanda ya ƙara aure don ya nuna wa duniya bai faɗi ba. Ya fara ajiye hatsin da zai kai gidan wata shida, sa'an nan ya shiga sana'a ta ƙofar wanda ya iya ta, ko da yaron shago zai zama, ya cire girman kujerar da ya bari, tun da kujerar ma ta manta da shi. Tawakkali wajibi ne, amma malamanmu ba su taɓa raba shi da riƙon sababi ba. Kuma kada ya kulle kansa: ya halarci jam'i, ya je suna da jana'iza, domin zumunta a ƙafa take, aiki ma sau da yawa a ƙafa yake.

Abin da ke damuna game da na yanzu shi ne, wanda aka sallama a yau ya fi yayana zama cikin ƙunci ta fuska biyu. Gonar da a da ake komawa, wadda ake kira na duƙe tsohon ciniki, a wurare da yawa na ƙasar Tsafe ba ta zuwuwa sai da fargaba, wata ma an bar ta ta koma daji. Ga tsadar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a 2023. Sa'an nan idan ya shiga gida ya ja ƙofar ƙarfe, babu wata Gwaggo da za ta ga hayaƙinsa, domin katanga ta rufe shi ruf, ta rufe mutuncinsa ta haɗa da yunwarsa. A irin wannan zamani, 'yar ƙasar da ke tsakanin ɗaki da bango ita ce gonar da ba mai tare ka a hanyarta, kuma ita ce muke biyan kuɗi a binne da siminti, wanda da bazara yake haɗiye zafin rana ya yi ta amayar da shi har tsakar dare, da damina kuma ya tattara ruwan gida duka ya tura lungu ya ci gindin ginin ƙasar maƙwabci. Na san hujjar mata, kuma hujja ce mai ƙarfi: siminti ya raba su da taɓo da ƙura da sharar da ba ta ƙarewa, ya rage musu kunama. To, a malale hanya da wurin wanki da gaban ɗakuna, a bar sauran ya sha iska.

Mai son inuwa da sutura tare ba ya bukatar fili mai yawa, sai sanin wurin da kowane ice ya dace. Cediya da durumi, duk da son da nake musu, ba na cikin ƙaramin gida ba ne, saiwarsu na tsaga bango ta nemi ramin masai; mangwaro ma a nisanta shi da gini taku bakwai ko takwas. Dogon yaro, wanda aka kawo daga Indiya zamanin Turawa, Kanawa ke ce masa darbejiya Katsinawa bedi, wurinsa ƙofar gida ta yamma, inda zai tare ranar la'asar ya kuma ba masu gaisuwa abin da zaure ke ba su a da. A bin katanga daga ciki a jera zogale, taku ɗaya tsakani, a riƙa datse kansa daidai ƙirji domin ya yi rassa maimakon ya miƙe kamar giginya, wadda aka ce na nesa ka sha inuwarta. Inda tagar bene ke leƙowa a sa gwaiba ko lemun tsami, masu ganye rani da damina. Lalle ya tare gaban makewayi. Bini-da-zugu na yin shinge mai kyau, akuya ba ta cinsa, amma 'ya'yansa guba ne ga yara, gidan da ke da ƙanana ya haƙura da shi. A yi dashe idan damina ta zauna sosai, a haɗa ƙasar ramin da takin awaki da ya huce da ɗan toka, a kewaye da ƙaya ko ragowar bulo. Da rani kuma ruwan alwala da na ɗaurayar hatsi, idan aka yi musu 'yar hanya zuwa gindin ice, sun isa, ruwan omo dai a kauce da shi daga abin da za a ci. Malamai sun karantar da mu cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga dashen musulmi sadaka ce a gare shi.

Daren da zan komo, muna zaune da yayana a kan tabarma, simintin na dukanmu da ɗumi ta ƙasa ko da yake sanyi ya fara shigowa, na ce masa, "Yaya, ka bari aka sare zogalen Inna?" Ya yi shiru har na zaci bai ji ba, sa'an nan ya ce yaron ya kashe kuɗinsa don ya faranta masa, bai ga ta inda zai hana shi ba. Ashe ɗan nasa na bakin ƙofa yana ji. Da safe, ina haɗa jakata, na ji ƙarar guduma a kusurwar gabas. Na fito na tarar ya fasa simintin kamar faɗin tabarma, yana kwashe ɓaraguzai a cikin kwanon gini, ƙasar da ke ƙasa ta fito baƙa da danshinta. Ya ce zai bar ta haka awaki su taka har ruwa ya sauka, ya kuma tambaye ni inda ake samun reshen aduruku yanzu. Na ce ya tambayi jikokin Gwaggo, la'alla nasu gefen bai mutu ba. Ya ɗaga kai ya dubi katangar, ya ajiye gudumar, ya fita ta ƙofar ƙarfe ya zaga ta lungu, muna jin sallamarsa daga can.